Barin Aikin Kwantiragi Kafin Wa'adi: Ta Ƙofa ko ta Katanga?

 

An ɗora mini magana a kan wata tambaya da nake jin duk matashin da ke zaune a zauren nan ko dai ta taɓa cin masa tuwo a ƙwarya, ko tana nan tafe. Mutum ya sa hannu a kwantiragin wata shida. Ya ci wata biyu ko uku, sai ga kira daga wani wuri: albashi ya fi tsoka, aikin na dindindin ne, amma ana son ya kama nan da mako biyu. Ya tafi ne ko ya zauna? In ya tafi, ya ci amana ke nan? In ya zauna, bai cuci kansa da iyalinsa ba?

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don kada in ja ku da nisa kuna jiran inda zan sauka. A mafi yawan lokuta ina ganin ya tafi. Sai dai tafiya iri-iri ce, kuma yawancin ɓarnar da nake gani a yadda ake tafiyar take.

Iyayenmu da suka yi aikin En'e ko na Reluwe ko na masaƙu a Kaduna da Kano ba su san wannan tambayar sosai ba. Mutum ya shiga aiki yana saurayi, ya fito da furfura da fansho. Yau abin ya sauya. Ku shiga bankuna, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a kanta suna ƙirga muku kuɗi ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfani ne ya ɗauke su ya ba banki haya. Makarantun kuɗi suna ɗaukar malami zango-zango. Ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Damaturu da Yola suna ba da kwantiragin wata uku, wata shida, a ce za a sabunta in kuɗi sun zo. Ita kanta gwamnati da ta ƙirƙiro N-Power a 2016, shekara biyu ta yanka wa matasa a kan naira 30,000 a wata. Kuma kun ga abin da ya faru a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje: ma'aikatan agaji da dama a Arewa maso Gabas suka wayi gari babu aiki, wasu ma wa'adin da ke cikin takardarsu bai cika ba. Ba wanda ya kira taro ya ce an ci amanarsu. An ce kuɗi sun tsaya, magana ta ƙare.

Ku haɗa wannan da tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Albashin da aka yanka maka a farkon shekara, kafin ta ƙare ya zama wani abu daban a hannun mai awo. Wanda duk ya ce wa matashi a wannan hali ya rufe ido ga aikin da ya fi, don kawai ya nuna shi ɗan halak ne, to ya fara gaya masa wa zai biya masa kuɗin haya.

Wanda ya ba ka kwantiragin wata shida ya yi haka ne da lissafi. Ya sayi 'yancin rabuwa da kai ba tare da garatuti ko dogon bayani ba. Wannan haƙƙinsa ne, ban ce ya yi laifi ba. Amma bai dace ya ba ka alkawarin wata shida, sannan ya nemi biyayyar shekara talatin ba.

To me doka ta ce? A Najeriya muna da Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da kama aiki. Sashe na 11 ya yanka mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya in aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma an yarda a biya kuɗi a madadinsa. Amma kada wani ya fita daga nan yana cewa malam ya ce mako ɗaya ya ishe shi. Dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru irin su likita da injiniya da akanta. Su takardar da suka sa wa hannu ce dokarsu. Kuma ko wanda dokar ta shafa, in takardarsa ta ce wata guda, to wata gudan ne.

Abu biyu ne nake so ku riƙe a nan. Na farko, ba kotun da za ta kamo ka ta zaunar da kai a kujerar aiki dole. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta aikin tilas, kuma kotunanmu sun daɗe da tabbatar da cewa mai aiki ba shi da ikon ƙin karɓar takardar ajiye aiki. Ogan da ya ce maka "ban karɓa ba", bakinsa kawai ya faɗa. Na biyu, rashin tilastawa ba ya nufin ka tafi kyauta. In kwantiragin mai wa'adi ne, kuma babu sharaɗin notis a ciki, fita kafin lokaci saɓa yarjejeniya ne, mai aiki yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ya nemi diyyar asarar da ya iya tabbatarwa. Ba kasafai ake kai ƙaramin ma'aikaci can ba, don kuɗin lauya ya fi abin da za a samu. Inda abin yake cizo shi ne wurin waɗanda aka kashe wa kuɗin horo ko karatu suka sa hannu cewa za su yi aiki na shekara kaza, kamar malaman jami'a da TETFund ta ɗauki nauyinsu, ko matuƙan jirgin sama. Irin wannan sharaɗi kotu tana aiki da shi matuƙar bai wuce kima ba. Wanda ke cikin wannan sahu ya ɗauki biro ya yi lissafin abin da zai mayar kafin ya amsa kiran kowa.

Na san a zauren nan akwai wanda doka ba ta dame shi kamar yadda tambayar malamin unguwa take damunsa ba: halal ne ko haram? Gara mu daɗe a nan kaɗan, da izinin malamai da ke zaune, in na karkace su miƙe ni.

Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawura, kuma ɗaukar mutum aiki na wa'adi a kan lada sananne, wato ijara, yana cikinsu. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, ijara ƙulli ne mai lazimtar ɓangarorin biyu. Ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai don ya ga abin da ya fi. Hanafawa sun sassauta, suka ce ana warwarewa saboda uzuri. Akwai kuma ji'ala, irin a ce wa mutum in ka haƙa rijiyar nan har ta kai ruwa kana da kaza. Shi wannan yana iya ajiye diga ya tafi ranar da ya so, sai dai ba shi da ko kwabo sai aiki ya kammala. Masu karatun Risala sun san wurin. Kuma muna da kwantiragi guda da Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarinsa a Suratul Ƙasas, tsakanin Annabi Musa, alaihis salam, da dattijon Madyana: shekara takwas wajibi, in ya cika goma to kyautatawa ce daga gare shi. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mafi tsawon wa'adin ya cika. Ku duba yadda aka ƙulla abin: an faɗi wajibi, an faɗi ƙari, dattijon ya nuna ba ya son ƙuntata masa, shi kuma Annabi Musa ya maimaita sharaɗin da bakinsa don kada a samu saɓani daga baya.

Da jin wannan wani zai ce ai malam ka rushe matsayinka da kanka. Ban rushe ba. Alkawarin da aka ce ka cika shi ne wanda ka ɗauka, da duk sharuɗɗansa. In takardarka ta ce kowane ɓangare yana iya fita da notis na wata guda, ka ba da notis ɗin, ka yi aikin watan da gaskiya, to ka cika alkawari cif. Ba ka saɓa komai ba, ƙofar da aka gina cikin yarjejeniyar ka bi. In kuwa babu wannan sharaɗi, shari'a ta bar wata ƙofar a buɗe, ita ce iƙala: ka je ka roƙi abokin ƙullinka ya yarda a warware, shi kuma an kwaɗaitar da shi ya yarda. Abin da ban ga inda aka halatta shi ba, a doka ko a fiƙihu, shi ne haura katanga.

Kuma haura katangar nan ita ce cutarmu. Ga yadda take faruwa, kun sha gani. Malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi, yana riƙe da ajin ƙarshe, saura mako uku a fara WAEC. Ranar 28 ga wata albashi ya shiga. Ranar Litinin ba a gan shi ba. Shugabar makaranta ta kira, waya a kashe. Ranar Laraba saƙo ya shigo: mahaifiya ba lafiya, an tafi da ita ƙauye, a taya shi da addu'a. Malamai har sun fara maganar haɗa ɗan abin dubiya. Bayan mako biyu sai ga hotonsa a Facebook, sanye da rigar sabon wurin aiki, abokai suna ta Allah ya sanya alheri. Rajistar maki tana gidansa, makullin kabad yana aljihunsa, yara arba'in kuma ba wanda ya san inda suka tsaya a manhaja.

Na yi tunani a kan abin da ke sa yaron kirki, mai sallah a sahun farko, ya yi haka. Yawanci ba mugunta ba ce. Kunya ce. An tarbiyyantar da mu cewa ƙarami ba ya kallon idon babba ya ce masa zan bar ka. Ya fi masa sauƙi ya ɗora wa mahaifiyarsa ciwon da ba ta da shi, a kan ya zauna minti biyar gaban shugabar makaranta ya ce na samu wani aiki. To wannan kunyar ba ta da wurin zama. Minti biyar ɗin nan su ne dukan abin da ake nema daga gare ka. Ka shiga, ka gaisa, ka ce: "Ranki ya daɗe, Allah ya kawo mini wani aiki na dindindin, kuma na yanke shawarar karɓa. Takardata ta ce wata guda, ga notis ɗina. Su can mako biyu suka ba ni, amma zan roƙe su su ƙara mini, don in kai yaran nan bakin jarrabawa." Ba sai ka kushe wurin ba, ba sai ka faɗi nawa za a ba ka ba. Ranta zai ɓaci, wataƙila ta yi maka gori. Ka haɗiye. Ɓacin ran nan na kwana biyu ne.

Akwai kuma mutum na uku da ake mantawa da shi, kuma a wurina ya fi ogan kansa haƙƙi: wanda ya tsaya maka. A ƙasar nan da wuya a ɗauki mutum aiki babu wani kawu ko tsohon malami ko maƙwabci da ya ɗaga waya ya ce yarona ne, na yarda da shi. Wani ma har hannu ya sa a takardar lamuni. Ranar da ka ɓace shi za a kira, kuma gobe in ya kawo wani yaron za a ce masa Alhaji, na bara ma haka ka ce. Ka toshe wa ƙannenka hanya ba ka sani ba. Wanda ya tsaya makan nan shi ya kamata ya fara ji, tun kafin oga, kuma da ƙafa ake zuwa, ba a tura saƙon waya.

Yanzu sabon aikin da ake ta rawar kai a kansa. Kada ka ajiye na hannu sai takardar kama aiki ta zo, mai sa hannu, mai ɗauke da albashi da ranar farawa, kuma ka tabbatar daga ofishin da aka ce ta fito. "An ce sunanka ya fito" ba takarda ba ce. A 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, kuma 'yan damfara sun iya buga takarda mai tambari fiye da ta gaske. Ko aikin gwamnatin na gaske ne, ka tambayi waɗanda suka riga ka wata nawa suka yi kafin albashin farko ya shigo, ka tanadi abin da za ka ci a tsakani. Ka duba lokacin gwaji: aikin dindindin da ke da gwajin wata shida, a watannin nan bai fi kwantiraginka tabbas ba. Ka cire kuɗin mota da na haya in garin zai canja. Naira 200,000 a Abuja tana iya kasa naira 120,000 a Gusau. Ka tambaya ko suna zuba fansho, domin dokar 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8, mai aiki kashi 10, kuma asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Mutane da yawa sun saki reshe sun kama ganye saboda adadin da aka faɗa musu a waya.

Sannan ka gaya wa sabon wurin gaskiya: ina da notis da zan cika. Manajan da ya san aikinsa zai ji daɗin wannan, don ya ga yadda za ka rabu da shi wata rana. Wanda ya ce maka ka bar su kawai ka taho gobe, ya nuna maka yadda yake ɗaukar yarjejeniya, kuma taka ce ta gaba.

Akwai lokacin da zan ce ka zauna. In saura mako uku ko huɗu wa'adi ya cika, roƙon a jira ka ya fi komai sauƙi. In tafiyarka za ta cutar da wanda ba ruwansa da cinikinku, kamar ungozoma ɗaya tilo a asibitin ƙauye ko mai riƙe da lissafin rabon abinci a sansanin 'yan gudun hijira, to kafin ka motsa sai an samu wanda zai karɓa, ko da sabon aikin zai yi ta jira. In kuma wannan ne karo na uku cikin shekara guda da kake tsallakawa, matsalar ta daina zama ta albashi. Duk mai duba takardunka zai ƙirga watannin.

Masu shirin fita waje, ku ninka hattara, don can ba a wasa da wa'adi. A Saudiyya, sashe na 77 na dokar ƙwadago ya ce wanda ya katse kwantiragi mai wa'adi ba da dalili karɓaɓɓe ba, in ba a yanka wata diyya a takarda ba, zai biya ladan sauran lokacin da ya rage, kuma ba zai gaza na wata biyu ba. Gyaran da suka yi a Maris 2021, wanda ya ba baƙo damar sauya wurin aiki bayan shekara guda, bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali 'yan'uwanmu mata da yawa aikin gidan suke tafiya yi. Faransa kuwa ta ɗauki wata hanya: tun 2002 dokarta ta yarda mai kwantiragin wa'adi ya fita in ya nuna ya samu aikin dindindin, da notis da ba ya wuce mako biyu. Ni dai da za a tambaye ni, irin wannan sashe nake so a sa a dokarmu, don ya kashe gardamar daga tushe.

Kafin a sa shi, kowa ya sa wa kansa, ranar sa hannu. A ranar ce ake yanke wannan hukunci, amma a ranar ce kuma muke cikin ɗoki, mu karanta layin albashi mu tsallake sauran shafi uku. Ku tuna ɗan ƙwallo Ahmed Musa. Ya rabu da Al Nassr a Oktoban 2020, ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021 a kan ɗan gajeren zama, kuma duk mai goyon bayan Pillars ya san kafin ya samu kulob a waje ne. A Yulin shekarar ya tafi Fatih Karagumruk ta Turkiyya. Ba wanda ya ce ya ci amanar Masu Gida, saboda ba a ɓoye wa kowa komai ba tun farko. Kai ma kana iya cewa: yallaɓai, ina son aikin nan, amma ina neman na dindindin, a rubuta mana notis na mako biyu ko wata guda ga kowannenmu. Ka nemi kwafin takardar ka ajiye. Kuma kada ka taɓa miƙa wa kowa asalin takardun karatunka a matsayin jingina. Hoto ake bayarwa, a nuna asali a koma da shi gida.

Na hango wasu iyayenmu masu makarantu da kamfanoni a kujerun gaba, kada su ce na zuga musu yara na tafi. Ranku ya daɗe, yaron da ya zo da ƙafarsa ya ba ku notis, ku biya shi kwanakin da ya yi aiki har na ƙarshe, ku ba shi takardar shaida. In kuka riƙe albashinsa don huce haushi, sauran ma'aikata suna kallo, kuma darasin da za su ɗauka shi ne a jira kuɗi su shiga a kashe waya. Wanda kuke tsoron rasawa kuma, ku kira shi tun wa'adinsa da saura wata biyu ku gaya masa ko za a sabunta ko ba za a sabunta ba. Yawancinsu ba sa fara neman wani wuri sai sun ga wata na biyar ya kama ba wanda ya ce musu uffan.

Shugaban taro, na ga takardar da ka turo mini cewa lokaci ya yi. Wanda ya zo da kwantiraginsa yana son a duba masa sharaɗin fita, ina nan bayan an tashi.